Littafin da Gara Ta Ci Sunan Mai Shi

A Birni, bayan dutsen nan mai kama da raƙumi a gurfane,
nan rumfar dukancina take.
Cikin adakar da na gada akwai gafaka ja,
cikin gafakar akwai baƙo
da ya fi shekara ɗari yana kwana gidanmu
bai taɓa ce mana uffan ba.

Kyari, kakan ubana, shi ya zo da shi daga Tarabulus.
Wai wani attajiri ne ya kasa biyan kuɗin jan fata,
ya ce, riƙe wannan, in na samu zan fansa.
Baƙaƙen irin namu ne, alif dai alif ne,
sai dai sun kwanta a karkace kamar gero bayan iskar hadari.
Aka kai wa malamai, suka juya, suka tofa,
suka ce ba Larabci ba ne, Farisanci ne, a ajiye da tsarki.
Gara kuwa ina ruwanta da tsarki?
Ta shafin farko ta fara,
ta cinye sunan mai shi.

Bara da bazara, famfo ya kwana tara yana tari,
jarkoki sun yi layi har kusa da kasuwar Dole,
sai ga wani baƙo cikin masu haƙa rijiya da inji,
takalminsa ya tsinke.
Ina huda da basilla, idonsa ya faɗa kan gafakar
da na fito da ita ta sha iska.
Ya buɗe. Ya yi tsit.
Can ya soma karantawa,
muryarsa na sauka na hawa kamar guga,
kowane hawa da abin da take ɗaukowa,
har ya sa bayan hannu ya share ido.

Da guntun Larabcinsa da guntun nawa muka ƙulla zance.
Na ce, wane ne?
Ya ce bai sani ba, a ƙasarsu masu baiti sun fi tsakuwa yawa,
amma ga abin da baitocin suka tona:
ɗan marini ne, hannun ubansa shuɗi har kushewa.
Mahaya sun ƙone garinsu yana yaro,
ya gudu da rumman guda a cikin riga.
Ya yabi wani sarki shekara bakwai,
aka sallame shi da gurgun alfadari.
Ya binne ɗiya.
Daga nan baitocin suka gajarta.
Ya tsufa a garin da ba a iya faɗin sunansa daidai.

Na ce, ba ni ko ɗaya in tafi da shi gida.
Ya daɗe yana neman kalmomi, sannan ya ce:
“Na haƙa rijiya a zangon da ba zan kwana ba.
Wanda ya sha, kada ya tambayi sunana,
ya dai rufe bakinta saboda 'ya'yan mutane.”
Ya yi dariya, don shi ma kashegari za su tashi Tanut.
Ban karɓi kuɗin ɗinki ba.

Yanzu Fanna ta rubuta shi a bayan littafinta na lakwal,
uwarta kuma na jefa shi wa mata a layin famfo
kamar karin maganar da ta gada a ɗaki,
har wata ta rantse kakarta ma tana faɗin haka.

Kai ɗan marini, ni baduku ne, ban iya karanta ka ba.
Abin da hannuna ya sani shi na yi maka:
sabuwar gafaka ta fatar akuya, ɗinki biyu,
da busasshen ganyen bedi tsakanin shafi da shafi.
Gara ta samu sunan.
Sauran ba za ta samu ba muddin ina numfashi.